Bayan Sandar Labule

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Auta ya buɗe gidan marigayi babansu, jakar kyamara rataye a kafaɗa. Dillali ne ya ce masu sayen gida yanzu sai an nuna musu hoton zagaye, irin wanda mutum zai ja da yatsa a waya ya ga ɗaki ta ko'ina. Auta kuwa ɗaukar hoto ce sana'arsa.

Babu kowa a gidan. Shekaranjiya shi da kansa ya kwashe Gwaggo, ƙanwar babansu wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsa, ya kai ta gidan Yaya, babban wansa. "Kai take jin maganarka," in ji Yaya. Sai Auta ya ce mata fenti za a yi wa gidan. Har albarka ta yi ta sa masa a mota.

Ya kafa kyamara kan ƙafafunta uku a bakin dogon baranda. Sabon gilashi ya ɗaura mata, kuma hoton zagaye ba ya haɗuwa sumul sai kyamara ta juya a kan wani ɗigo da ke cikin gilashin, inda haske ke shiga. Masu sana'ar na ce masa ƙwayar ido. Nemo ta ba wuya. Abu biyu ake saitawa a layi ɗaya, na kusa da na nesa, a juya kyamara hagu da dama. In suka rabu, a zame ta gaba ko baya a kan ƙarfenta har su daina rabuwa.

Ya tsinci sandar labule a ƙasa, ya tsayar da ita cikin bokiti a gabansa. Na nesa kuwa, ya zaɓi gefen ƙofar ɗakin Gwaggo, can ƙarshen barandan. Ya saita har sandar ta rufe shi ruf.

Ya sa ido, ya juya hagu. Sanda da ƙofa suka rabu. A tsakaninsu ya ga gefen mayafi.

Ya ɗago kai. Ƙofa ce kawai, da duhun ɗaki.

"Gajiya ce," ya ce a ransa. Ya zame kyamara baya kaɗan, ya juya dama. Ratar ta ragu. Amma mayafin yanzu yana tsakiyar baranda, da kafaɗa guda, doguwa, siririya, tana leƙowa ta bayan sandar.

Famfon banɗaki da ke ɗiga tun shigowarsa ya yi shiru. Wani wari ya taso, na man zafi da tsohuwar katifa. Warin ɗakin Gwaggo.

Ya kamata ya tafi. Amma hannunsa ya sake zame kyamarar, kamar ba nasa ba.

Hagu. Sanda da ƙofa ba su rabu ba.

Dama. Ba su rabu ba.

Ya sami ƙwayar idon. Kuma yanzu duk inda ya juya, sandar ta rufe abin da ke bayanta.

Sai jan ƙafa. Shaa. Shaa. A kan layin nan, yana tahowa.

Bokitin ya motsa.

"Auta." Muryar Gwaggo ce, amma daga can sama take saukowa, kusa da rufi. "Fentin ya bushe?"

Harshensa ya ƙi addu'a. Gilashin kyamara ya yi hazo, kamar an huro masa numfashi.

"Ni da ita muke ɗakin nan tun ba a haife ka ba. Ina ka kai min ita?"

Wasu yatsu dogaye suka zagayo sandar, suka riƙe.

Nan bakinsa ya buɗe, ya ƙwalla a'uziyya, ya hankaɗe kyamara ya zura. Jan ƙafar na bayansa. A bakin ƙofa wani abu ya cafki wuyan rigarsa, ya fizge, rigar ta yage har kugu. Bai tsaya ba sai a titi, ƙarƙashin fitilar wani mai shago, wanda ya dube shi ya ce, "Malam, kare ne?"

Gidan dai an sayar. Yaya bai saurari labarin aljanu ba, da wayarsa ya je ya ɗauki hotuna da tsakar rana. Kyamarar ma shi ya kwaso, gilashin ya tsage gida biyu.

Auta ya ɗauko Gwaggo ya dawo da ita gidansa, ya bar mata ɗakinsa, shi ya koma falo. Ba ta taɓa tambayarsa maganar gidan ba, ba ta taɓa yi masa faɗa ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Wata magariba ya kai mata ruwa, ya ji tana magana ƙasa-ƙasa a ɗakin da ya san ita kaɗai ce. Ya tsaya a bakin ƙofa, kofi a hannunsa.

"A'a," in ji Gwaggo. "Na ce ki ƙyale shi. Ni na goye shi."