Koren Fakiti a Teburin Oga

Duk birnin Taichung babu wanda ya riga ni ganin auren Po-han da Yu-ching, har su biyun kansu. Ban taɓa zama a aji ba, amma ni ne gini ya rufta wa a babbar girgizar ƙasa na fito ina karkaɗe riga. Tun daga nan nake gadin kamfanin safarar kaya na Oga Tu, idona kuwa bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Po-han shi kaɗai ne mai haɗa manhajar kamfanin. Oga zai ga abu a wayarsa da safe, ya ce yana son irinsa kafin Juma'a. Yaron nan sai dai ya ce "to". A ofishinsa babbar na'urar kwamfutar kamfanin take, a kanta koren fakitin gugguru, irin wanda kowa ke ɗorawa don na'ura ta yi ladabi. Ba a ci, ba a taɓawa.

Ranar da Yu-ching ta kama aiki a sashen direbobi, ni na raka ta ta kai wa Po-han ƙorafi. Ya bar ta tsaye yana ta danne-danne. Sai ta farke fakitin ta hau ci.

Ya ɗago. "Kin san abin da kike ci?"

"Na sani. Ni ke jin yunwa, na'urarka ba ta ji."

Kunnuwansa suka yi ja. A nan na ce a raina, an gama.

Washegari ta kawo masa sabo. Ya sa mata Ɓarauniya, ta sa masa Sarkin To. Har shayinsa ta san yadda yake so, mai rabin sukari.

Uwarta kuwa wani likitan haƙori ta so mata. Da ƙyar ta yarda Po-han ya zo cin abinci. Ranar sai Oga ya tsare shi da sabon aiki, kifi ya huce, kujera babu kowa. Uwar ta ce, "Wanda ba ya iya ce wa ogansa a'a, da wane baki zai tsaya miki?"

Da safe ya zo ɗakin gadi jiki a sanyaye, ya karanta mini saƙonta, tunda ni ba na karatu: "Sarkin To nawa, Mama ta ce Asabar ce damarka ta ƙarshe. Ina son ka, amma ba zan auri kujera ba. Ka zo."

Na ce, "Yaro, ka ɗora wa na'ura fakiti, alhali ba ita ke rigima ba."

Asabar da rana Oga ya kira shi da wasu buƙatun. Ina leƙe ta ƙofa. Po-han ya ajiye koren fakiti a teburin Oga.

"Oga, aikin nan na mutum uku ne. Ko ka ƙaro hannu, ko ka zaɓi guda na yi shi da kyau. Yau ina da surukai."

"Ni kake ɗora wa gugguru?"

"Na ga yana aiki ne, Oga."

Ya fito ya miƙa mini wayarsa. "Kawu, riƙe mini." Ya wuce gidan su Yu-ching, Oga ya yi ta kira, wayar na ɓari a aljihuna, ni ko gezau. Wanda ƙasa ta girgiza, waya za ta tsorata?

Oga ya yi kwanaki yana hura hanci, sannan ya ɗauki mutum biyu, don ya san in Po-han ya tafi, motocinsa sun tsaya.

Ranar biki uwar ta karɓi shayi daga hannunsu ta ce, "Ku tsufa tare. Kai kuma ita kaɗai za ka riƙa ce wa to." Yu-ching ta yi dariya har da ƙwalla. A babban tebur aka zaunar da ni.

Mai musu ya zo ƙofar kamfani, ni da kaina zan hau da shi sama. Fakitin na nan a teburin Oga. In Ogan ya isa, ya taɓa.