Keken da Ya Take Baban Kaka

A unguwar Gwange ta Maiduguri akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da ba ta iya ganin abu ba daidai ba ta yi shiru. Ko hular liman ce ta karkace, sai ta faɗa masa.

Ran nan Malama Dorothy ta ce kowa ya kawo tsohon abu daga gida. Kakanta ya ba ta aron wani kati mai hoto, irin wanda ake aikawa ta gidan waya a da.

"Gidan tarihin garin nan ne," in ji shi. "Ki kula da shi, amaryata. Ba ni da wani."

Ta duba kati, ta juya shi, ta sake dubawa. Ai bara ta je gidan da 'yan ajinsu. Ina katangar? Ina kekunan da ke cika bakin titi? Bishiyar mainar ma ba ta kai taɓarya tsawo ba.

Shin idonta ne, ko katin? Ko gidan tarihi biyu ne a Maiduguri?

A ƙarshe ta yanke hukunci: mai hoton ne bai iya aiki ba. Ta ɗauki fensir ta gina katanga. Ta ƙara wa bishiya rassa. Wani ɗan baƙin tabo a bakin ƙofa kuwa, ta ɗora masa Keke Napep.

Washegari a aji, Malama Dorothy ta daɗe tana kallon katin.

"Lokacin da aka ɗauki hoton nan, ko ni ba a haife ni ba. Wa ya kawo keke?"

"Gyara na yi, Malama."

"Da izinin wa?"

Yarinya ta karɓi katin ta koma wurin zamanta.

A gida Kaka ya sa tabarau. Ya kai katin kusa da hanci, ya nisanta shi.

"Ina babana?"

"Wane baba, Kaka?"

"Yana tsaye a bakin ƙofa. Shi ne mai gadin wurin. Hotonsa ke nan kaɗai a duniya."

Ta nuna wurin da yatsa. "Yana... ƙarƙashin keke."

"Shekara tamanin ya yi ko jaki bai ture shi ba. Yau ke kin take shi."

Ta fashe da kuka, ta ba shi haƙuri. Kaka ya ce ta kawo abin goge fensir. Suka zauna a tabarma tana gogewa a hankali, yana cewa, "Sannu dai, kada ki haɗa da kunnensa."

Keke ya tafi. Sai ga ɗan mutum da doguwar hula, hannunsa a ƙugu.

"Sannu da fitowa, Baba," in ji Kaka, yana dariya.

Daga ranar, in ta ga abin da ba ta gane ba, tambaya take yi kafin ta taɓa. Abin aro kuwa, yadda aka ba ta haka take mayar da shi.