Motar Da Sai An Tura

Da hantsi aka kawo rahoto caji ofis cewa an buge tsohuwar da ke share layin bayan kasuwa, ta cika nan take. Kafin Sufeto ya ɗauki hularsa, Saja ya shigo yana jan wani mai babur da leɓensa ya kumbura.

"An gama, yallaɓai. Shi ne. Gudun ganganci. Gobe sai kotu."

"Wallahi ban taɓa kowa ba!" in ji mai babur. "Matata na da tsohon ciki, ku ji tsoron Allah!"

Saja ya ingiza shi bayan kanta. Sufeto dai ya san ruwa ba ya tsami banza. Ofishin da ake wata guda ba a je duba gidan da aka fasa ba, yau shi ne ya kama mai laifi tun gawa ba ta huce ba?

Da ƙafa ya tafi layin. An riga an ɗauke gawar. 'Yar marigayiyar na zaune a ƙasa rungume da tsintsiyar uwarta, mutane sun kewaye ta.

"Wa ya ga abin da ya faru?"

Kowa ya sunkuyar da kai, sai wani dattijo mai faci da ya jefar da ƙarfen hannunsa.

"Yanzu ka zo tambaya? Makon jiya ɓarayi suka fasa mana shaguna, muka kira ku, kuka ce ba mai a mota. Amma mai babur ya manta hular kwano, ko mai tumatir ta ajiye tire a bakin titi, sai ka ga mai ya sauko daga sama!"

"Baba, wake ɗaya ne ke ɓata gari."

"Kai dai duba buhunku da kyau. Ban ga komai ba, kuma ko na gani, wa zan faɗa wa?"

Maganar ta ƙona Sufeto. Ya tsuguna inda jinin yake. Kusa da shi baƙin mai ya ɗiga ya taru, alamar mota ta tsaya a nan. Bayan man kuwa ga sawun ƙafafu sun nutse cikin yashi, irin na masu dafa abu mai nauyi. A gefe ga silifas na mace wari ɗaya, igiyarsa ta tsinke. Ya ɗauka ya sa a leda.

Da ya koma ofis ya duba babur ɗin da aka kama. Fitilarsa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ya juya, sai idonsa ya faɗa kan motar sintiri.

Duk unguwar ta san motar nan. Sai-an-tura ake ce mata, domin makunninta ya mutu tun bara, kuma duk inda ta mutu, wanda tsautsayi ya ratsa da shi ta wurin shi zai tura. Ba a taɓa wanke ta ba. Yau kuwa tana ƙyalli, ruwa na ɗiga daga gabanta.

"Direba! Bikin wa za a yi?"

Kofur direba ya sara masa. "Tsafta ce kawai, yallaɓai."

"Ta fita yau?"

"Ba mai, yallaɓai. Tun jiya tana nan."

Sufeto ya ɗora tafin hannu a kan murfin injin. Da ɗuminsa.

A kantar ofis ya tarar da kurtun da ke aiki yana ta tsaki.

"Me ya faru?"

"Saja ne, yallaɓai. An kwaso mata uku masu tallar tumatir da safe, suna isowa ya sallame su. Har tirensu ya miƙa musu da hannunsa, ko ƙwaya ɗaya ba a taɓa ba."

Nan Saja ya yi wauta. A ofishin nan, abin da ya shigo ba ya fita da cikarsa. Kaza ma in aka kamo ta, sai ta bar gashi. Alherin da ya yi don rufe baki shi ne ya fi komai ƙara.

A bakin kasuwa Sufeto ya sami matan. Biyu suka rantse ko ofis ba su je ba. Ta ukun, wata dattijuwa, ta ja zane ta rufe ƙafarta, amma ya riga ya ga babu takalmi. Ya fito da silifas ɗin ya ajiye a gabanta.

"Iya, akwai wanda za a kai kotu gobe saboda ran da bai ɗauka ba."

Ta daɗe tana kallon takalmin, sannan ta fashe da kuka.

"Muna bayan mota, ɗana. Suka hango mai babur ba hula, Saja ya ce direba ya cika sanyi, ya karɓi tuƙi. Mai babur ya wuce tsohuwar lafiya. Mu ne muka hau ta. Motar ta mutu, ya ce mu sauko mu tura."

"Kuka tura?"

"Tana numfashi fa! Na ce a kai ta asibiti, ya ɗaga bindiga ya ce tura nake ko magana. Tare muke sallah da matar nan. Da hannuna na tura motar da ta kashe ta."

Sufeto bai taɓa jin kunyar kakinsa irin ta ranar ba.

Ya tara su a ofishin shugaba: Saja, direba da dattijuwar. Shugaban ya saurara, ya yi gyaran murya.

"Sufeto, a duba sunan ofis. Mutanen gari dama kaɗan suke jira."

"Sunan ofis yana kwance a layin bayan kasuwa, yallaɓai. Na riga na kira hedikwata." Ya juya. "Kofur, motarka ce. In ba a sami wanda ya tuƙa ba, kai ne."

Direba ya durƙushe. "Shi ne! Shi ya sa ni wanke jinin, shi ya koma ya kamo mai babur!"

Saja ya zabura. "Ƙarya yake!"

"Ita dattijuwar ma ƙarya take?" in ji Sufeto.

Saja ya dubi shugaba, shugaba ya dubi silin. Kafaɗun Saja suka sauka.

"Ban gan ta ba. Aiki nake yi. An ce mu tsananta a kan masu babur."

"An ce ka bar mutum yana numfashi a ƙasa?"

Sufeto ya cire wa Saja ɗamara, ya ɗaura masa ankwa, sannan ya je da kansa ya buɗe wa mai babur.

Hedikwata ta ce a kawo mai laifi da motar gaba ɗaya. Aka jefa Saja a baya, inda ya saba loda mutane, direba a gefensa. Sufeto ya zauna a kujerar tuƙi ya murɗa makulli. Ko tari motar ba ta yi ba.

Labari ya riga ya kai kasuwa, ƙofar ofis ta cika. Mutanen nan, da can in suka ji an ce a tura, kowa lungu yake faɗawa. Yau ba wanda ya roƙe su. Mai faci ne ya fara naɗe hannun riga, mai babur ya biyo shi, sai matan tumatir. Aka buɗe hanya, 'yar marigayiyar ta matso. Ta jefa tsintsiyar uwarta a gaban Saja, ta dafa motar da hannu biyu.

"Ɗago ka dube ni," ta ce. "Wannan turin, da son ranmu ne."

Suka tura, motar ta tashi.