Rigar Lefika

Da hantsin Lahadi MmaPako ta buɗe kwabar kayanta a gidansu da ke Mogoditshane, gefen birnin Gaborone, ta tarar da maratayi yana lilo, babu riga. Ihun da ta kurma sai da ya tsayar da masu tafiya coci.

Sajan Dineo aka turo, kuma da haushinta ta zo. Ita ma ta yanki tikitin wasan jiya, sai aka sa ta aiki a caji ofis. Lefika, mawaƙin rok, kiɗan nan na jita mai ƙara, wanda ta girma da hotonsa a bangon ɗakinta, ya dawo gida bayan ya daɗe a waje, ya cika babban zauren wasa na Gaborone maƙil, ita kuwa tana zaune tana sauraron ƙarar satar akuya. Yanzu ga shi an aiko ta wurin matar da ta fi kowa morewa.

"Faɗa min daga farko, Mma."

"Eh?"

"Na ce daga farko!"

"To ki ɗaga murya mana, kunnuwana kamar an zuba gyare a ciki!" in ji MmaPako. Malamar makaranta ce, ɗanta Pako yana jami'a, amma har yanzu takalman kaboyi ne a ƙafarta. "Muna can gaba, jikin shingen ƙarfe. Da ya zo waƙar ƙarshe fitilu suka koma ja, ya durƙusa, ya sa jitar nan kuka kamar mai rai. Sai ya tuɓe rigar fatarsa, ya sauko, ya yafa min. Ni! Cikin dubban mutane!"

"Na ji," Sajan ta ce a daƙile.

Ta duba ƙofa, ba a fasa ba. Ƙarafan taga duk lafiya. Mutanen gidan ba su da yawa: Gorata, ƙawar da suka je wasan tare ta kwana a falo, Thuso, mai haya a ɗakin baya, sai maigida RraPako, wanda aka ce yana rugar shanunsa tun Juma'a.

"Ki rubuta wannan," in ji MmaPako, idonta a kan ƙawarta. "Ko wa ya ɗauka, na rantse da kabarin uwata, ni da shi har abada. Ko gawata kar ya zo gani."

Sajan ta ja Gorata gindin bishiyar tsakar gida.

"Kin so rigar?"

"So? Ai ni ta dace da ita!" Ita ma da ihu take magana. "Ni na koya mata Lefika tun muna 'yan mata, lokacin ba ta san komai ba sai waƙar coci. Ni na kutsa da gwiwar hannu na kai mu gaba. Ya sauko, na buɗe hannu, ya wuce ni kamar turke. Har hannunta ya sumbata!"

"Ba ta gaya min wannan ba."

"A gidan miji? Kin taɓa ganin akuya ta kai kanta mahauta?"

"Kin ji motsi da asuba?"

"Mma, ko jirgin ƙasa ya ratsa falon nan ba zan ji ba."

Sajan ta dube ta sama da ƙasa. Wandon fata ne a jikinta, matsattse, ko waya da ƙyar ta shiga aljihun, kuma ba ta zo da jaka ba. An ɗaga kujeru, an leƙa bayan gida, babu komai. Ban da haka, ɓarawo ba ya sata ya koma ya yi barci baki buɗe har hantsi. Hassada dai tana nan fal, Sajan ta gane ta don irinta ce ke cin ta, amma hassada ba riga ba ce.

Thuso yana sayar da bel da zobba masu ƙoƙon kai ga masoya rok. Sajan ta yi masa tambaya a hankali, ya amsa a hankali.

"Ni ban shiga ba, Mma. Wa zai tsare min kaya? A bakin ƙofa na kasa, ina jin ƙasa na rawa, raina na ƙuna. Daga nan na kwana wurin ƙanena a Tlokweng, ihun ma a titi na tarar da shi. Tambayi mai toya magwinya, fanken nan, a kwana, ta ga saukata daga mota."

"Rigar za ta yi daraja a wurin abokan cinikinka."

"Wa zai sa ta? Duk Gaborone ta ga wadda aka yafa wa. Kamar mutum ya saci ƙararrawar coci ne."

Mai magwinya ta tabbatar da maganarsa. Sajan na dawowa, wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. RraPako ya sauko da kakinsa da malafa, riƙe da galan na kindirmo, ya gaishe ta da murya kamar mai kiran shanu daga nesa.

"Yaushe ka baro ruga, Rra?"

Ya karkato kunnen hagu. Ta maimaita.

"Yau da sassafe! Ni ba ruwana da wannan hayaniya. Riga ce ta ɓata? Allah ya raka taki gona. Mace da girmanta, wani ƙato ya yafa mata tsummansa mai warin gumi, har da lasar mata hannu, ita kuma tana washe baki! In bincike kike so, ga ƙawarta nan. Tun da can idonta ke kan abin matata."

Gorata ta fashe da kuka. MmaPako ta kau da kai.

Sajan ta zagaya bayansa kamar mai duba tayar mota, ta tsaya ta gefen damansa, ta yi magana da muryar hira.

"Rra, an ce shanunka sun fasa shinge, suna kan titin Molepolole."

RraPako ko gezau, yana gyara murfin galan. Thuso ne daga can ƙofar ɗakinsa ya zabura. "Shanu? A kan titi?"

Sajan ta dawo gabansa, ta ɗaga murya yadda kurame ukun za su ji.

"Babu mai shanu a ƙasar nan da zai ji abin da na faɗa ya tsaya gyaran galan. Ba ka ji ba ne. A gidan nan mutum uku ke ihu yau: matarka, ƙawarta, da kai. Thuso da ya tsaya a waje garau yake ji. Kukan saniya ba ya toshe kunne, Rra, lasifika ke yi, kuma kunnenka na dama ya fi mutuwa, wato gefen dandamali ka tsaya, jikin lasifikar. Zancen sumbatar hannu kuwa matarka ko ni ba ta gaya wa ba, amma kai ka sani. Ƙofa ba a fasa ba don kana da makulli. Ka shigo da asuba ka fita, ka san ba mai jin ka. Buɗe motar."

Rigar tana bayan kujera, ƙarƙashin buhun gishirin shanu. Baƙa ce, ta sha jiki, kafaɗunta cike da ƙusoshin azurfa. Sajan ta riƙe ta fiye da yadda aiki ya buƙata kafin ta miƙa.

RraPako ya zauna a kan dakali, ya cire malafa.

"Madatsar ruwa na nufa da ita in jefa. Na kasa. Har gwada ta na yi, ba ta rufe min tumbi ba." Bai kalli kowa ba. "Ni ma na taɓa kaɗa jita, Sajan. A wata 'yar mashaya muka haɗu, tana tsaye a gaba tana kallona. Da aka haifi Pako na sayar da jitar na sayi karsana. Jiya na ce bari in je in ga me take gani a jikin mutumin nan. Kowa na kallon dandamali, ni ita nake kallo, shi ya sa na tsaya jikin lasifika. Kallon da ta yi masa jiya, nawa ne. Na daɗe ina neman sa a gidan nan, ashe yana nan, ba ni ake yi wa ba."

Kowa ya ji rantsuwar da aka yi da kabarin uwa, kuma kowa ya san MmaPako ba ta mayar da magana.

"Za ki shigar da ƙara, Mma?"

MmaPako ta karɓi rigar, ta shinshina ta sau ɗaya, ta je ta yafa wa Gorata. "Ki yafe min, ƙawata. Taki ce." Sannan ta tsaya a kan mijinta, ta gefen dama, ta yi magana ƙasa-ƙasa, karo na farko a ranar.

"Uwata za ta yafe min, ita ma wawa ta aura. Shekara nawa ina roƙon ka raka ni? Da na san kana wurin, da a kafaɗarka zan hau, kamar da."

Ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

RraPako ya kamo hannun rigar Sajan, fuskarsa duk ta faɗa. "Me ta ce? Ta kore ni ne? Don Allah, Mma, me ta ce?"

Sajan Dineo ta dube shi. Ya bari an zargi baiwar Allah a banza, ga shi ya tsaya dab da Lefika bai ma damu da kallonsa ba, kuma yana da mai ce masa irin wannan magana.

"Kunne yakan buɗe bayan kwana biyu, Rra," ta ce da ƙarfi. "Ka jira."

Ta nufi mota. Ita kam kunnuwanta lafiya lau, ta ji komai, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.