Sunan da Na'ura Ta Ce Babu

Magariba ta kawo jiki a birnin Incheon, miyar kabeji tana tururi a kan tebur, lokacin da tsakuwa ta fara dukan tagar gidan Pyo Dong-cheol. A hawa na goma sha huɗu suke zaune.

Dong-cheol shi ke kula da kwamfutocin wani kamfanin jigilar kaya. Yana da ɗan umarnin kwamfuta da ya rubuta da kansa: a ba shi sunan ma'aikaci, ya tambayi babbar na'urar kamfani ko mai sunan yana da akawun ɗin shiga aiki, ta amsa akwai ko babu. A wannan yammar, kwamfutarsa da ke gefe ta kunna kanta, ta rubuta suna: Ma Gyu-tae. Amsa ta fito: babu.

'Yarsu Seo-ah, mai shekara goma sha shida, ta ajiye tsinken cin abinci a hankali. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, a dishe.

"Sake dubawa."

Haka aka yi ta yi kowace yamma. Tsakuwa, suna, babu. Yarinyar ta daina ci, ta rame. Dong-cheol ya ce gajiyar karatu ce, masu maganar aljanu kuwa jahilai ne. Matarsa ba ta saurare shi ba, ta ɗauko Kaka Eom, tsohuwar da ta shahara wajen fitar da iska.

Kaka Eom ta kunna turare, ta kaɗa ƙararrawa, ta zauna gaban yarinyar kamar mai jiran mota.

"Kai wane ne, marar kunya, da ka rasa mazauni sai jikin 'yar makaranta?"

"Ma Gyu-tae. Na tsufa ina ɗaukar kaya a rumbun ajiyar kamfaninsu. Ɗan kwangila ne ni, da akawun ɗin wani nake shiga aiki. Da kaya suka danne ni na mutu, matata ta zo neman shaidar cewa a can nake aiki. Wannan da ke tsaye ya danna maɓalli, ya ce ba su san ni ba. Ko ɗago kai bai yi ba."

"Abin da na'ura ta nuna na faɗa," in ji Dong-cheol, murya ƙasa-ƙasa.

Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa, ta taɓe baki, ta koma kan yarinyar.

"To me kake so?"

"A buɗe mini akawun. Sannan in zauna nan har ya tsufa, yana ganina."

"Kana raye ba ka iya buɗe baki gaban manya ba, sai yanzu ka sami ƙarfi kan yarinya? Za a rubuta sunanka. Gobe wannan zai je gaban matarka da shugabanninsa ya faɗi gaskiya. Kai kuma ka fita yau."

Hayaƙin turare ya miƙe sak.

"Za su kore ni, Kaka," in ji Dong-cheol.

"Su kore ka mana. Zauna ka rubuta."

Ya zauna. Ya buɗe akawun da sunan Ma Gyu-tae, ya sa umarnin ya duba. Akwai.

Yarinyar ta matso, ta daɗe tana kallon kalmar. Ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci.

"Ashe abin bai fi haka wuya ba."

Sai jikinta ya saki, ta faɗa hannun uwarta.

Da ta farfaɗo, ta nemi ruwa da muryarta. Dong-cheol ya yi sauri ya kawo mata. Ta dubi kofin, ba ta karɓa ba.

"Baba, ina jin komai. Matar tasa, a tsaye ka bar ta ko ka ba ta kujera?"

Ya tsaya riƙe da kofin. Ta juya wajen uwarta.

"Mama, ke ki ba ni."