Sabuwar Roba a Mataccen Shokazoba

Da hantsi aka kawo wa Sufeto rahoton. Mota ta yi tsalle a wani rami, ta ƙwace wa direba, ta kife a kwana. Tsohuwar da ke kujerar baya, mahaifiyar mai motar, ko shurawa ba ta yi ba. Direban, dattijon da ya shekara ashirin yana yi wa gidan tuƙi, yana kulle da karyayyen hannu.

Maigidan ya ce gudu ne. Direban ya rantse sau uku yana faɗa masa motar na rawa kamar kwalekwale. Amma a ofishin nan wa zai ɗauki maganar direba a kan ta mai babbar riga? Har an fara rubuta masa tuƙin ganganci.

Da janwe ta kawo motar bayan kwana biyu, Sufeto ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta. Ko'ina laka, amma robobi biyu da ke kare sandar shokazoba, wato ƙarfen da ke shanye girgizar mota, daga ƙura sai sheƙi suke. Ya tura ɗaya sama. Sandar duk yashi ya karce ta, man ya daɗe da tsiyayewa har ya bushe.

Mai sayar da kayan mota da Sufeto ya je wa bai ɓoye komai ba. Ya ce shokazoban ba na kamfanin motar ba ne, robarsa ba ta wata shida take yagewa, in ba a canza ba yashi ya cinye ƙarfen. Ya ƙara da cewa shekaranjiya wani bakanike ya sayi roba biyu tsirara, ba shokazoba.

Sufeto ya sami bakaniken na goge hannu da tsumma. Bakaniken ya ce tun watan jiya ya sa su.

"Wata guda a hanya, laka ta shafi ko'ina ta tsallake robarka?" in ji Sufeto. "Ina motar ta kwana bayan hatsarin?"

Tsumman ya faɗi. Bakaniken ya ce a garejinsa, kuma shi ɗan aike ne kawai. Tun da robar ta yage ya gaya wa maigida, maigidan ya ce a bari sai an dawo daga tafiya. Tafiya ta zama tafiye-tafiye.

Sufeto ya tarar da maigidan a kan darduma cikin masu gaisuwa, yana ba su labarin yadda direba ya kashe masa uwa. Abin ya ba Sufeto takaici ƙwarai. Ya jawo maigidan gefe, ya ajiye masa yagaggun robobin da ya tono a kwandon sharar gareji.

"Ranka ya daɗe, ka gane waɗannan?"

Mutumin ya kalle su, sannan ya zauna a ƙasa.

"Ƙannena suna ciki," ya ce a hankali. "Da wane baki zan gaya musu saboda roba biyu aka binne Inna? Gara a ce direban ne."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa wa maigidan ankwa a gaban masu gaisuwa.

Da aka buɗe wa direban, bai tambayi wa aka kama ba. Tambaya ɗaya ya yi: ina aka kwantar da tsohuwar, don shi kaɗai ne ba a bari ya raka ta ba.