Duwatsun Cikin Tanki

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ana yayyafi tun azahar. Ina goge gilasan tankuna a shagon kifin ado inda nake aiki, sai ga Malama ta shigo, lemarta na ɗigar ruwa. Yara take koyarwa a firamare, shi ya sa nake ce mata Malama. Ita kuwa Mai Kifi take kirana.

Kai tsaye ta wuce wurin kifayenta guda biyu, masu launin lemo da ratsin fari, waɗanda na ware mata wata huɗu ke nan.

"Yaushe za ka kai su gida?"

"Malamata, akwai shuɗin kifin Baba a tankin gida. Shi ya fara shiga, duk duwatsun ya ɗauka nasa ne. Baƙo in ya shigo sai ya bi shi da cizo..."

"Kamar ni ke nan."

"Haba zumata, ba haka nake nufi ba!"

"Sau uku ina gaida Babanka yana juya min kai, Mai Kifi! Sau uku! Umma ta ce ba za ta kai ni ɗaki biyu da majinyacin da ba ya son ganina ba. Ka mai da shi gidan Yayarka, ko kuma..."

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye na ɗauko shi na ba shi ɗakin da na yi wa fenti don aurenmu, ni na koma kwana a falo. Gidan Yaya hawa na uku ne, mijinta kuma ba ya ko sallama da Baba.

"Ba zan iya ba," na ce a hankali.

Ta dube ni, idonta ya ciko. "To Allah Ya ba ka wadda za ta iya."

Ta fita, ta manta lemar.

Sati uku ban ji muryarta ba. Kullum in na tashi aiki sai in biya in sayo wa Baba ayaba, in goge masa jiki, in tura kujerarsa gaban tanki. Ƙaramin tanki ne, bai fi tsawon hannuna ba. Baba ya zauna yana kallon shuɗin yana zagaye shi kaɗai, ni in zauna ina kallon lemar da na jingine a bayan ƙofa.

Ban yi karatu mai nisa ba, ban iya rubuta dogon saƙo ba. Na rubuta "ki yi haƙuri" ya fi sau goma ina gogewa.

Ran nan maigidana ya ce, "Kai, 'yan lemon nan fa? In amaryar ta fasa, akwai mai so."

"Yau zan tafi da su."

"Cikin tankin wancan ɗan ta'addan? Kafin safiya ya yi musu aski!" Ya yi dariya, ya ɗaure min su a leda.

Da na isa gida na ɗora ledar a kan ruwan don su saba da ɗuminsa. Na kamo shuɗin da raga na sa a bokiti.

"Kai! Me ya yi maka?" Baba ya daka min tsawa da bakinsa da ya karkace.

"Ba komai, Baba. Zai dawo."

Na naɗe hannun riga na shiga kwashe duwatsun. Na dama na mai da shi hagu, kogon da shuɗin yake kwana a ciki na kife shi, na yi sababbin ramuka uku. Sannan na saki 'yan lemon. Sai da suka zagaya suka samu wuri, na maido da shuɗin.

"Wannan wane irin shirme ne?"

"Haka ake yi, Baba. In aka bar duwatsun yadda suke, na farkon ba zai bar kowa ya sha iska ba. In aka sauya, kowa baƙo ne. Sai su raba wurin."

"Mugu ne ke nan."

"Ba mugu ba ne. Tsoro yake ji kar a kore shi."

Shuɗin ya yi kansu sau biyu, ya tsaya, ya juya ya shige wani rami a kusurwa. Muka daɗe muna kallo har abincin Baba ya huce.

Da safe ina sa masa riga ya ce, "Ka fito min da gadona falo."

"Baba, akwai sanyi a..."

"Na ce ka fito da shi! Kusa da kifina nake so. Ɗakin nan warin fenti yake, ba na tsoho ba ne."

Na juya baya don kar ya ga idona.

Na ɗauki hoton tankin, da gadon Baba a gefensa, na aika mata. Na rubuta, "Sun zauna lafiya, rabin raina." Na ga ta buɗe. Ba ta amsa ba. Kwana ɗaya, biyu, huɗu... Na daina duba wayar. Har ruwan tankin ya sauka ƙasa da layin da na ja da biro, na kasa tuna in ƙara.

Ran Alhamis na dawo da ayabata, na tura ƙofa. Lemar ba ta nan.

Na dubi tankin. Ruwan ya cika daidai kan layi. Baba kuwa ko kofi ba ya iya ɗagawa da hannu ɗaya. Na ɗauko ma'aunin gishirin ruwa da sauri, don kifayen teku ne, a ruwan gishiri suke zama, in kuwa ruwan gishiri aka ƙara, gishirin zai yi musu yawa. Daidai yake. Ruwa zalla aka zuba, yadda na taɓa nuna mata sau ɗaya tak, cewa ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan.

"Baba... wa ya zo?"

Bai ɗauke ido daga kan kifin ba. Sai na lura an yanke masa farce, har na hannun da ya shanye.

"Ka yi mata godiya?"

"Godiyar me? 'Yar gida ake wa godiya?" Ya miƙo hannu. "Ba ni ayabata."